Kunyar Ɗan Fari a Ƙofar Tiyata

A gidanmu na Kusfa, inda aka haife ni, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, in ya faɗi ya fasa baki ma sai dai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Haka na taras, haka na yi, kuma ban yi da rabin zuciya ba. Da aka kai ni aure Ƙofar Jatau na haifi namiji, sai abin ya zame mini biyu, domin an sa masa sunan surukina, malamin da ko takalminsa na hango a bakin zaure sai na gyara lulluɓi. Tun ranar suna nake ce masa Mai Sunan Malam. In ya ɓata mini rai kuwa, sai in ce "wancan".

Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Akwai wani mai kayan miya da ke tsayawa a ƙofar gidanmu, shi ma sunansa ke nan, har ya tsufa ya daina talla "kai mai tattasai" yake amsawa a wurina. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, duk yaron da iyayensa suka yi gangancin sa masa wannan suna, da alli nake nuna shi. Ko a addu'a, in zan jero 'ya'yana, daga na biyu nake fara ambaton suna. Na farkon sai in ce, "Ya Allah, da wancan," tun da dai Shi ya san wanda nake nufi.

Da yaron ya isa yaye, mahaifiyata ta zo da hantsi ta goya shi ta tafi da shi Kusfa, can ya girma. Ita yake kira Inna, ni kuma Adda, kamar yadda ya ji ƙannena suna kirana. Ranar da aka tafi da shi ina tsakar gida ina tankaɗe, ban ɗaga kai ba, matan gida suna ta yabona, wai yarinyar nan akwai kunya. Sai da na shiga ɗaki na ɗaure ƙirjina tamau da zane. Nonon dama ya haƙura da wuri. Na hagu kuwa ya yi ta zuba har ya jiƙa zanen, don shi yaron ya fi so.

A cikin na hagun ne, bayan na yi ritaya, maigida kuma ya riga mu gidan gaskiya, na ji wani ƙullutu ina wanka, bai fi gurjiya ba. Ba ya ciwo, shi ya sa na so in share. Autata, wadda ita kaɗai ta rage a gabana, ba ta da kunya ko ta sisin kwabo, ita ta tasa ni gaba har babban asibiti. Aka ɗauki hoto, aka tsakuri ɗan nama aka kai gwaji, aka ce ciwon daji ne. Na sha watanni ana ɗura mini kemo, maganin dajin da ake sawa ta jijiya. Gashina ya zube, ɗankwali ya rufa mini asiri. Abinci ya koma kamar ina tauna ƙasa. Masu zuwa dubiya kowa da tasa, wata ma har da riƙe mini hannu tana cewa kada in yarda a yanka, wai daji ba ya son ƙarfe. Na ce mata ai ni ma ba son dajin nake yi ba, balle in tambaye shi abin da yake so.

Likitan tiyata mutum ne mai sanyin murya, yakan cire tabarau in zai faɗi magana mai nauyi. Ranar ya cire. Ya ce ƙullutun ya ja baya amma bai tafi ba, don haka za a cire nonon gaba ɗaya, a haɗa da 'yan ƙwayoyin cikin hammata, irin waɗanda ke kumbura mu ce kaluluwa. Ya juyo mini da hoton don in ga inda ciwon yake. Ni kuwa ba ciwon na tsaya kallo ba. Wasu fararen zaruruwa na gani, sirara, sun taso daga ko'ina sun nufi wuri guda, kamar saiwar gero in an tuge shi.

"Likita, waɗannan fa?"

"Hajiya, hanyoyin da ruwan nono ke bi ke nan."

Ya ce daga abin da jini ke kawowa jiki yake haɗa shi, a nan cikin ƙirji. Na manta da ciwon na ɗan lokaci. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina zana wa yara sassan jiki a allo, ashe da irin wannan aiki nake yawo a ƙarƙashin riga ban sani ba. Babu wanda ya koya masa, babu wanda ya tashe shi. Ranar da aka haifi yaro ya kawo, da aka yaye ya ɗauke, haka har sau shida. Sai na ji bakina yana ta Subhanallahi, har Auta ta taɓa ni, ta ɗauka ruɗewa na yi.

Rabuwa da nonon ba ta tayar mini da hankali yadda mutane suka zata ba. Ya yi aikinsa ya gama, kuma rai ya fi nama. Abin da ya tsaya mini a zuciya daga wurin likitar barci ya fito, wadda za ta yi mini allurar da ke sa mutum barci a ɗakin tiyata. Ta ce ba zan ji komai ba, kuma galibin mutane lafiya lau suke farkawa, amma ba za ta yi mini alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Na ce gaskiya ta faɗa. A hanyar komawa, muna cikin keke mai ƙafa uku mun shigo ta ƙofar gari, na shiga duba abin da zan bari a baya in ban farka ba. Wanda zan nemi gafararsa na nema. 'Ya'ya kowa ya kama gabansa. Abu ɗaya ya ƙi kwanta mini: akwai magidanci a Ƙofar Galadima, da matarsa da 'ya'yansa, wanda bai taɓa jin sunansa daga bakin uwarsa ba. Kafin keken ya tsaya a ƙofar gida na ƙudurta zan kira shi da sunansa, ko sau ɗaya ne, kafin a sa ni wannan barci.

Kada wani ya ɗauka nadama nake yi. Wanda bai san gidajen cikin ganuwa ba zai ce rashin so ne. Mu kuwa mun san abin da aka fi ji da shi shi ake rufewa, kamar turaren da ke ƙasan adaka. Da kunyar nan aka rene ni, da ita na zauna lafiya da surukai, kuma da za a mayar da ni baya ita zan sake yi. Kawai dai ina so ya ji, don in na tafi kada ya zauna yana tunanin yadda sunan zai fito a muryata.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Suna ne fa, gajere ma, yara ƙanana suna faɗarsa a lungu.

Aka shiga shiri. Ban san tiyata tana da hidima kamar ta biki ba sai da ta zo kaina. Gwajin jini, hoton ƙirji, gwajin zuciya. Nas ta ce kada in sa lalle a yatsu, don akwai abin da za a maƙala a yatsa yana duba numfashina, baƙin lalle yana iya hana shi gani. Ta ce in ɗinka riguna masu maɓalli a gaba, domin bayan aiki hannu ba zai ɗagu ya shiga wuyan riga ba. Na aika wa telata da atamfa, ta aiko tana tambaya ko jego za a yi a gidan. Na ce a ce mata eh, ni ce mai jegon. Auta ta cusa audugar rimi ta ɗinka mini ɗan matashi da zan riƙa sawa a hammata. Sai kuma motsa hannu da nas ta ce in fara koya tun yanzu: in tsaya gaban bango, in sa yatsu su riƙa hawa a hankali har inda hannu ya tsaya.

Damina ce a lokacin. Bangon ɗakin marigayi maigida na ƙasa ne, in an yi ruwa yakan yi sanyi ya riƙa ƙamshi. Nan nake zuwa da hantsi, in Auta ta fita, in sa yatsu su hau. Nan kuma nake gwada sunan, tun da ba kowa. Yatsu su hau, in buɗe baki, harafin farko ya zo kan harshe, sai in ji kamar surukina yana gyaran murya a zaure, mutumin da ya daɗe a ƙasa. Sai in rufe baki in waiga. Mace da jikokinta, ita kaɗai a ɗaki, tana jin kunyar bango. Na yi wa kaina dariya, na yi wa kaina faɗa, wata rana har na yi kuka don haushi. Hannu ya koyi hawa har ya kusa taɓa azara, harshe bai motsa daga inda yake ba.

Shi kuwa Mai Sunan Malam duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan biyo ya gaishe ni. Ya san ciwon tun farko, Auta ta gaya masa, amma tsakanina da shi ba a taɓa ambaton inda yake ba. Zai cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gefen labule, fuskarsa na kallon rijiya. Ni ina ciki ina kallon bango. Auta a tsakiya. Juma'ar da ta rage kafin aiki ma haka aka yi.

"Adda, barka da Juma'a. Ya ƙarfin jiki?"

"Ki ce masa da sauƙi."

"Ta ce da sauƙi," in ji Auta, "ko da yake na san ka ji, tun da ba kurma ba ne kai."

"Auta, ki kiyaye ni."

"To Umma, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaya, kemo ya cinye mata jini, an ce a kawo wanda zai bayar kafin ranar aiki. Ni sun gwada ni sun ce nawa ma bai ishe ni ba."

Ya ce, "Ki ce mata an gama."

"Ki ce masa ba dole ba ne. Yana da ofis, yana da iyali. A nemi wani."

"Ki ce mata ba a neman wani ina raye."

Auta ta tafa hannu. "Wallahi ku biyun nan kun cika dirama. Ga ki ga shi, sai kun mai da ni wayar salula?"

Babu wanda ya kula ta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, duk taurin kunyata ya kwashe. Da ya miƙe zai tafi na ce a raina yanzu ne. Na cika ƙirji da iska, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ki ce masa ya gaida mutanen gida."

Ranar da ya je ba da jinin ni ma ina asibiti, an kira ni maimaita gwajin zuciya. Da muka fito Auta ta ce mu bi ta nan ya fi kusa, ashe ta san abin da take yi. Ta tsayar da ni a bakin wata taga, ta ce in jira ta za ta karɓo takarda. Na leƙa don in ga inda nake. Ga shi kwance a kan gado, an naɗe masa hannun kaftani, idonsa a rufe, yana matsa wani ɗan ƙwallon roba a tafinsa.

Tun yana goye ban ƙara kallon fuskarsa sosai ba. Na san tafiyarsa, na san tarinsa, na san ƙeyarsa da bakin hularsa, amma fuska sai dai a fakaice. Ranar na kalla har na ƙoshi, tun da bai san ina nan ba. Ashe furfura ta fara fito masa a gemu. Ashe kunnen mahaifina gare shi, mai ɗan lanƙwasa a sama. Yatsun da ke matsa ƙwallon nawa ne sak, har da ɗan karkacewar ƙaramin. Akwai tabo a girarsa ta dama, sai na tuna an taɓa aikowa daga Kusfa cewa ya faɗo daga kan ganuwa wurin wasa. Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da tsince shinkafa. Yau ga tabon, ya warke tun tuni, ya zauna a fuskar babban mutum.

Na tsaya ina tambayar kaina, wai ni na haifi wannan? Ni, da wannan jikin da ko bokiti ba ya iya ɗauka yanzu? Abin da na riƙe a tafi biyu, wanda ba ya iya ɗaga kansa, shi ne ya cika gado har ƙafarsa ta zarce. Daga hannunsa siririyar roba ta sauka zuwa wata leda da ke lilo a hankali, tana cika. Maganar likita ta dawo mini, cewa daga jini ake haɗa nono. Wato jinina ne ya zama fari ya shiga bakinsa, ya zama ƙashi da tsoka da gemu, yau kuma ga shi yana fitowa ja saboda ni. Wa ya tsara wannan in ba Allah ba? Na dafa bango. Ban taɓa jin girman Ubangiji ya cika mini ƙirji kamar a bakin tagar nan ba, ko a gaban Ka'aba kuwa, Allah ya yafe mini in na yi saɓo.

Daga baya wani ma'aikacin wurin ya ce ba lalle ledarsa za a sa mini ba, ajiyewa ake yi a ba ni wadda ta dace da ni. Na ce ba komai, a ba duk wanda Allah ya rubuta wa, ni dai na ga abin da na gani. Da ya motsa zai buɗe ido na yi maza na bar tagar, har ina tuntuɓe.

Ana gobe aiki aka ce in zo a ba ni gado. Kafin mu fita na sa Auta ta ɗora mini ruwa, na shiga wanka na daɗe. Na wanke na hagun a hankali, kamar yadda ake wanke jariri. Ya saki, ya tsufa, duk ya yi layi-layi, ba abin da wani zai kalla ya ce kyau. Ni na kalle shi na ga mutum shida da ke yawo a duniya da ƙafafunsu. Na ce masa Allah ya saka da alheri. In wani ya ce hauka ne yi wa nama godiya, to ya ce.

A ɗakin mata na taras da wata a gadon da ke kusa da nawa, an riga an yi mata nata aikin. Tana zaune tana cin dafaffiyar gyaɗa, wata 'yar roba ta fito daga gefen ƙirjinta zuwa cikin jakar da ta rataya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ban tambaya ba ta ɗan buɗe rigarta ta nuna mini. Layi ne guda, shafe, an ɗinke shi tsaf. Ta ce, "Hajiya, kada ki ji komai. Riga ce kawai za ta ɗan karkace, sai ki gyara mayafi." Na yi mamakin yadda ake buɗe mutum a rufe, washegari ya zauna yana ɓare gyaɗa.

Bayan la'asar aka buɗe wa masu dubiya ƙofa, hadari kuma ya haɗo. Mai Sunan Malam ya shigo kafaɗarsa a jiƙe, ya ja kujera can wajen ƙafafuna ya zauna, ya ba ni gefe. Auta ta ɗauki flas ta ce za ta nemo ruwan zafi, alhali flas ɗin cike yake. Ta bar mu. Iyakar sanina, tun da aka yaye shi ba mu taɓa zama mu biyu ba sai ranar.

Ruwa ya sauko a kan kwano da ƙarfi. Na ce to, ga dama, ko na faɗa ma ba mai ji sai shi. Na tattaro sunan tun daga cikina. Kafin ya iso baki sai shi ya riga ni magana, kansa a ƙasa.

"Adda, ki yafe mini."

Babu Auta da zan ce ta ce masa. Dole na amsa da kaina. "Ba ka yi mini komai ba."

"Ki yafe mini abin da na sha."

Na gane abin da yake nufi, shi ma bakinsa ba zai iya kiran sunan abin ba. A garinmu babu haƙƙin da ɗa yake tsoro kamar wannan. Na ce, "Halalinka ne. Na yafe duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka." Ya ce amin, ya share fuska da tafin hannu kamar ruwan sama yake sharewa. Maganar ta kwashe duk ƙarfin da na tara. Ba a jima ba aka kaɗa ƙararrawar fita. Ya miƙe, ya ce Allah ya kai mu goben, ya tafi. Ina kallon ƙeyarsa har ya sha kwana, sunan yana nan a maƙogwarona bai fita ba. Na ji haushin kaina ƙwarai, na kuma ji tsoro, domin dama ta rage guda.

Da safe ba ci ba sha, haka aka umarta. Na yi salla a zaune. Likita ya zo ya tambaye ni wane ɓangare ne, na ce hagu, ya sa alƙalami ya yi alama a fatar. Aka cire mini 'yan kunne aka ba Auta. Aka sa mini wata riga mai ɗauri a baya da hular leda, irin shigar da ko a mafarki ban taɓa zaton ɗana zai gan ni a ciki ba. Aka ɗora ni a gado mai taya aka fara turawa. Ina kwance ina kallon silin yana wucewa, ina jin takun mutane a bayana. A cikinsu na ware nasa, don shi yana ɗan jan ƙafar dama.

A ƙofar ɗakin tiyata akwai inda 'yan'uwa ke tsayawa, ba sa wucewa. Nan aka tsayar da gadon. Wata nas mai takunkumi a fuska ta sunkuyo ta tambayi sunana, na faɗa. Ta tambaya ko na ci wani abu, na ce a'a. Ta duba alamar da likita ya yi. Sannan ta ce, "Hajiya, in an fito da ke wa za mu kira a cikin 'yan'uwa? Faɗa mini sunansa."

Auta ta buɗe baki za ta amsa, kamar yadda ta saba amsa mini komai. Na kama wuyan hannunta na riƙe. Ta dube ni, ta bar mini amsar.

Ban kalli nas ɗin ba. Na juya kaina a kan matashi har na same shi, yana tsaye jikin bango, hannayensa a baya, idonsa a ƙasa. Na yi bisimilla a ciki, na kira shi.

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, amma sunan ya fita cikakke, babu harafin da ya maƙale. Na yi mamakin rashin nauyinsa. Abin da na ɗauka shekara da shekaru kamar dutsen niƙa, ashe numfashi ɗaya ne. Na yi mamakin daɗinsa kuma, don ban taɓa sanin suna ne mai daɗin faɗa haka ba.

"Na'am!"

Da ƙarfi ya amsa, tun kafin ya san ya amsa, irin amsawar yaron da aka kira daga wurin wasa. Sai ya ɗago. Muka haɗa ido. Ya sulale ya durƙusa a gefen gadon, babban mutum da furfurarsa, a gaban nas-nas da masu wucewa. Auta, mai bakin nan, ta rufe fuska da mayafi.

Na ji kunya ta taso mini har tafin ƙafa, na ji daɗi kuma ya fi ta yawa. Duk maganganun da na shirya a gaban bango suka gudu. Na dubi leɓɓansa na ga sun bushe.

"Ka karya kuwa?"

"A'a."

"To tashi ka je ka karya. An ce aikin zai ɗauki lokaci."

Ya ce to. Nas ta rubuta sunan, ta sa ƙafa ta saki birkin gadon, aka tura ni ciki. Bai motsa daga inda yake ba har ƙofar ta rufe.